Minti na Sha Tara a Bidiyon Kawu

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu, ƙafar kuloci, da ta fara yi min gardama da safe. Uwargidana Hajiya tana gaishe ki. Na ga Innarki ranar Asabar a ƙofar asibiti, ta ce awon jini ne kawai. Ta ɗan rame, amma bakinta yana nan.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabonmu da gaisawa tun rasuwar babanki, shekara shida ke nan. Ba ƙin zumunci ba ne, aiki ne. Ni da Innarki kakanninmu wa da ƙani ne, saboda haka ko kin so ko kin ƙi, kawunki ne ni. Na ba direban babbar bas wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, ni na koya masa tuƙi. Ba na son waya, Hajiya kunne gare ta.

Ga abin da ya faru. Kwana goma da suka wuce ina nuna wa wata 'yar koyo yadda ake shiga ƙofar makaranta da baya. Na fitar da ita daga motar, na ce ta tsaya ta kalli gwani. Tabarmar ƙasan motar ce ta naɗe, ƙafata ta zame daga birki ta hau totur, motar ta zurma cikin kwatar bakin titi, hanci sama, allon Makarantar Tuƙi ta Dogo yana kan rufinta. Ta taga na fito. Na ɗan ɗaga wa yarinyar murya, don tsayuwarta ce ta tare min madubi. Ashe mai facin tsallaken titi yana ɗauka da wayarsa. Daƙiƙa arba'in ne kacal, amma yanzu duk wanda ya rubuta sunan makarantata a wurin bincike, shi yake fara gani. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, Auta.

'Yan koyona sha huɗu ne, sun koma biyar. Kuma akwai kamfanin kai kaya da zai turo min direbobi ashirin a watan Mayu. Manajarsu ta ce za ta duba sunan makaranta kafin ta sa hannu. In wannan aiki ya kuɓuce, rufewa zan yi.

An ce aikinku ke nan a kamfaninku, ku ɗaga bidiyon wannan, ku danne na wancan. To ki shiga ofis ki danne min shi. In akwai wani babba da ake gani, ki gan shi, ki ce masa Dogo ne. Mu ma nan ba mu zauna ba. Kullum da safe mu sha ɗaya muke buɗe shi mu ga ko ya sauka, kuma 'ya'yana suna shiga ƙasansa suna wanke duk wanda ya yi dariya tas.

Lokacin da aka ce kin tafi karatun kwamfuta na ce an yi asarar mace, ashe da ranarki. Ki tuna babanki, Allah ya ji ƙansa, shekara huɗu ya ci abinci a makarantar nan.

Kawunki,
Dogo

13 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na gode da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai ciwon wuya na zaman kujera. Allah ya sawwaƙe gwiwa, a gaishe da Hajiya.

Na duba bidiyon. Kawu, sau ɗari uku da goma sha biyu aka kalle shi. A wurinmu wannan ba a ma lissafa shi. Ku sha ɗaya, kullum, kwana goma, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku mutanen gidanka ne. Da kun ƙyale shi, da ya mutu da kansa kafin wata ya ƙare.

Babu maɓallin da zan danna, babu babban da zan gani. Ni ma'aikaciyar wani ƙaramin kamfani ce mai gyara wa masu shaguna bidiyonsu, masu shafin ba su san ina duniya ba. Na'ura ce take jera bidiyoyin, kuma abin da take lura da shi shi ne me mutum ya rubuta, wanne ya buɗe, kuma ya tsaya har ƙarshe ko ya gudu. Ba ta san zagi ba, ba ta san yabo ba. Duk sanda ɗanka ya shiga ya zagi mai dariya, mai dariya ya dawo ya rama, ita gani take ana cinkoso a wurin, sai ta ƙara turo mutane.

Saboda haka abu biyu nake so. Na farko, ku daina buɗe shi kwata-kwata, ko don a ga ya sauka. Na biyu, ka yi naka bidiyon, gajere, minti biyu ko uku, a kan abu ɗaya da masu koyo suke nema. Misali, yadda ake fakin da baya tsakanin motoci biyu. Ka sa masa suna kamar yadda mutum zai tambaya, ka ƙara sunan makaranta sau ɗaya. Kar ka fara da gaisuwa, kar ka ba da tarihinka, ka shiga darasi daga daƙiƙar farko, kana faɗar kowane mataki da baki don na'urar tana jin magana. In ya yi kyau, ka yi wani bayan mako. Abin da mutane suka kalla har ƙarshe shi yake hawa. Ka iya koyarwa, wannan ba zan hana ka ba.

In ka ɗora, ka sanar da ni in duba.

Shekara huɗun Baba kuwa ina sane da su. Ni nake kai masa abincin rana.

'Yarka,
Auta

25 ga Maris

'Yata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Wuyan da sauƙi? Ki riƙa miƙewa, kujera ta fi mota kashe mutum. Gwiwa tana nan yadda take. Hajiya ta yi mura ta warke.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau biyu. Kin yi dogon bayani irin na 'yan boko, amma na cire ƙwayar maganar, inda kika ce abin da aka kalla shi yake hawa. To an gama.

Na yi bidiyo. Minti biyun nan da kika ce ban ɗauka ba, wa zai girmama malamin da iliminsa ya ƙare a minti biyu? Nawa minti ashirin da biyu ne. Na sa babbar riga, na zauna a ofis, na gaida jama'a yadda ya kamata. Na nuna takardun yabo, na sauko da tsofaffin hotunan ma'aikata daga bango na nuna su ɗaya bayan ɗaya, na bayyana maganar tabarmar mota, sannan na rufe da darussa da misalai irin waɗanda nake ba kowane ɗan koyo. Mai facin nan daƙiƙa arba'in gare shi, ni ina da minti ashirin da biyu, ke ma kin san wanda ya fi nauyi.

Sunan bidiyon kuwa ban bar komai ba. Na sa tuƙi, koyon tuƙi, makarantar tuƙi, gwanin tuƙi, lasisi, mota, bas, babur, jirgi, har sunan makarantar nan ta bayan kasuwa na sa, don in ɗauke musu mutane. Na ɗora shi sau tara, saboda in aka bincika a ga tara nawa, ɗaya nasa.

Yanzu haka da nake miki rubutu, waya bakwai ce jere a kan teburina, kowace a jikin caja, an kashe musu murya, suna ta juya bidiyona daga safe zuwa yamma. Da ya ƙare sai in sake dannawa. Na mai facin kuma mun rage, sau biyu kawai muke buɗewa a rana, don mutum ba zai yi gyara bai duba ba. Surukina ya tura shi gidajen dangi duka, ya ce kowa ya shiga ya danna alamar ƙi.

Abin da ban gane ba, har yau nawa ba sa fitowa sai an gangara can ƙasa, nasa kuwa ya kai dubu huɗu. Na san hannu aka sa. Ga lambar sirrin shafina a bayan takardar nan, ki shiga ki ƙarasa abin da ya rage. So nake in an rubuta sunana, fuskata ce za ta fara fitowa a sama. Kar ki ba ni kunya.

Kawunki,
Dogo

28 ga Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa. In kina lafiya, to madalla. Ni dai ba na cin abinci sosai, likita ya ce jinina ya hau.

Yau wata guda da kwana uku ban ji daga gare ki ba. Direban bas ya rantse min ya sa takardar a hannunki, har kin ce masa a gaida gida. Na tambayi Innarki ko ba ki da lafiya, ta ce jiya ma kun yi waya kuna dariya. To me na yi miki?

Na sake karanta wasiƙarki ta farko. Wannan layi na ƙarshe, na abincin rana, da na ɗauka godiya ce. Yanzu ban sani ba. In maganar barin aikin babanki ce, wannan tsohon zance ne, kuma ke yarinya ce a lokacin, ba ki san kan sana'a ba. Mutumin da ya fasa bangon makaranta da motar makaranta ba a barin sa ya koyar.

'Yan koyo biyu suka rage, ɗaya ma ɗan maƙwabci ne. Na mai facin ya wuce dubu goma sha ɗaya. Masu shafin sun cire bidiyona shida, wai maimaici ne. Waya biyu sun kumbura don zafi. Manajar kamfanin za ta yanke hukunci ranar goma sha biyar ga Mayu.

Ban taɓa roƙon kowa ba, ki tambayi duk wanda ya san ni. Amma ina roƙon ki. Ki ɗaga min bidiyona sama, ko ta wace hanya.

Kawunki

9 ga Mayu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jiki. Ka riƙa shan maganin a kan lokaci, ina so ka daɗe. Ni lafiya lau, wuyan ma ya sake ni.

Ka yi haƙuri da shiruna. Ranar da lambar sirrinka ta zo, a ranar na shiga, da niyyar taimako na shiga, Allah ya sani. Shafin yana nuna wa mai shi inda masu kallo suke tsayawa. In aka cire wayoyin teburinka, waɗanda na'urar ta gane tun mako na farko ta daina ƙirgawa, mutum sittin da ɗaya ne suka buɗe bidiyonka. Rabinsu sun gudu kana cikin gaisuwa. Sauran sun watse a wajen takardun yabo. 'Ya'yanka ma ba wanda ya wuce minti na huɗu. Mutum ɗaya ne tak ya kalla har ƙarshe da kunne a buɗe, ni ce.

Shi ya sa ni kaɗai na ji minti na sha tara. Ka ɗaga hoton ma'aikata, ka ɗora yatsa a fuskar Baba, ka ce, “Ga Malam Ribas, wanda ya shiga bango da baya.” Ka yi dariya har hularka ta karkace. Sannan ka zame daga kujera ka durƙusa, ka kwaikwayi muryarsa: “Yaya, don Allah, kar ka kore ni a gaban yara, iyali gare ni.” Ka ce wannan misali ba ɗan koyon da ya wuce ta hannunka bai ji shi ba.

Ka kwaikwaya daidai, Kawu. Ina wurin, shekarata tara, kwanon abinci yana hannuna. A hanyar gida ya saya min alewa, ya ce kar in gaya wa Inna, za mu ce shi ya ajiye aikin da kansa. Ban gaya mata ba har yau. Ni na ɗauka abin ya ƙare a wannan fili. Ban san shekara ashirin kana ba da shi a mota ba, har bayan an binne shi.

Wata guda na yi ina tunanin in ƙyale ka da wayoyinka, su kaɗai ma sun isa. Sai ga wasiƙarka, ka ce ko ta wace hanya. To na yi maka aiki irin wanda ban taɓa yi wa mai biya ba.

Na yanko minti na sha tara, na jona masa daƙiƙa arba'in na mai faci. Kana gama dariyar mai shiga bango, sai ga ka kana fitowa ta taga. Minti ɗaya da rabi, ba gaisuwa. Na sa masa suna gajere, irin abin da mutane suke rubutawa: Malamin tuƙi Dogo yana dariyar mamaci, sai ya faɗa kwata. Na rubuta duk maganarka a ƙasan hoto don na'ura ta karanta. Na zaɓi fuskarka kana tsakiyar dariya ta zama hoton gaba. Sau ɗaya na ɗora, a shafinka, ban kuma sa kowa ya kalla ba.

Ka rubuta sunan makarantarka yanzu ka gani. Kwana biyar ke nan, ya wuce dubu tamanin, kuma cikin mutum goma tara suna kaiwa ƙarshe. Na mai faci ya koma na biyu. Fuskarka ce take fara fitowa, kamar yadda ka nema.

Ban ba ka kunya ba. A gaishe da Hajiya.

'Yar Malam Ribas

21 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina barci mai daɗi. Jinina ya sauka, tunda abin da nake tsoro ya riga ya faru. Hajiya ba ta gaishe ki.

Aikinki ya yi kyau. Manajar ba ta ma kira ba, saƙo ta turo mai layi biyu. Shekaranjiya na sauke allon daga kan motar da hannuna, ofis kuma mai sayar da fenti ne zai shiga. Na goge bidiyon daga shafina ranar da wasiƙarki ta zo, amma kafin nan mutane sun kwafe shi. Na ƙirga wurare goma sha huɗu, na gaji na bari. Kin fi ni sanin cewa ba ya goguwa.

Ba zan ce ki yafe min ba, ba kuma zan ce na yafe miki ba. Labari kawai zan ba ki, tunda ke kina nesa.

Ni a cikin mota nake ba da labarin babanki, gilashi a rufe, ga mutum ɗaya, kuma yawancinsu ba su san ko waye ba. Da na sa shi a bidiyo, ke da bakinki kin ce ba wanda ya kai wurin. A minti na sha tara yake kwance, ba mai ji sai ke. Ke kika ɗauko shi kika kai shi minti na farko, kika rubuta maganarsa da manyan baƙaƙe. Yanzu masu babur a bakin titinmu, in ɗaya zai ja da baya, sai sauran su haɗa baki su ce, “Yaya, don Allah, iyali gare ni.” Jiya na ji masu dako suna yi wa juna a kasuwa. Ni suna yi min dariya, gaskiya ne, amma maganarsa ce ta fi daɗin faɗa.

Ranar Laraba Innarki ta zo gidana. Wata maƙwabciya ce ta nuna mata bidiyon, tana cewa wannan ba maigidanki ba ne? Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, “Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Da gaske ya durƙusa?” Na ce mata, ki tambayi 'yarki, tana wurin da kwano a hannu. Sai ta ce, “Auta ta sani?” Na ce tun tana shekara tara. Sai ta juya ta fita. In kin lura kwana biyu ba ta ɗaga wayarki, to dalilin ke nan.

Jiya ta sake zuwa, wayarta a hannu. Ashe ba ta da hoton babanki na ƙuruciya ko ɗaya, wanda na ɗaga ɗin nan shi ne kaɗai, yana murmushi da hular aiki. Hoton nawa kuwa na yaga shi ranar da na karanta wasiƙarki, na zuba a kwatar. Saboda haka kullum da safe sai ta rubuta Malam Ribas a wurin bincike, ta buɗe, ta jira in ɗaga hoton, ta tsayar. In yatsanta ya makara, sai ta ji ni ina yin muryarsa.

Ta ce ba za ta iya tambayar ki da kanta ba, in tambayar mata, tunda ke ce gwana, yaya ake saukar da bidiyon. Na ce ba sai an tambaye ki ba, amsar tana cikin aljihuna. Na ciro wasiƙarki ta farko na karanta mata: babu maɓalli, babu babban da ake gani, a daina buɗewa kawai.

Ta ce to. Yau da safe na biya ta ƙofar gidanku, na ji dariyata tana fitowa ta tagar ɗakinta.

Kawunki,
Dogo